Karnen Allurar da Na Karanta wa Yaya Lawali

Shekara tara ke nan, a irin wannan sanyin, da muka rufe Yaya Lawali a maƙabartar ƙauyenmu, can kusa da Gidan Amumune. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ɗora ni a kan jaki ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ranar farko. In ka tambayi mutanen garin me ya kashe Alhaji, za su ce ciwon haƙarƙari ne, wasu su ce kwana ne ya ƙare. Duk ba su yi ƙarya ba. Amma ni da na tsaya a gefen gadonsa na san da mura abin ya fara, na kuma san inda bakina ya shiga cikin maganar. Yau nake so in faɗe ta a fili, domin na gaji da ɓoyo, kuma domin akwai takardu irin ta Yaya birjik a cikin akwatunan tsofaffinmu.

Yaya manomi ne na hatsi da wake, amma abin da aka fi saninsa da shi kiwon tumaki. Ban taɓa ganin mutumin da ke ji da bisashensa kamarsa ba. Duk shekara, da sanyi ya fara leƙowa aka yi shelar masu allurar bisashe za su zo, shi ne na farko a filin bayan kasuwa, da garkensa da igiyoyinsa. Bai tsaya ga nasa ba. A lokacin akwai masu ɓoye awakinsu a bayan rumbu, suna tsoron wai ƙidaya ake yi don haraji. Sai ya bi su gida-gida yana faɗa, har ya kwance akuyar mutum da hannunsa ya ja ta. In wani ya ce masa ai an yi wa tasa bara, amsarsa guda ce, kuma duk garin an haddace ta: "Ta bara ta tahi da bara." Na ji wannan maganar daga bakinsa ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kanta ba.

Shekara uku kafin rasuwarsa Allah ya kira shi Makka, shi da matarsa Hajiya Indo. Kafin su tashi aka yi musu allurai a Maraɗi, kamar yadda ake yi wa maniyyata, aka ba kowannensu ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa da muke ce wa karne. Bayan sun dawo, muna zaune a ƙofar gida ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, jama'a ta cika ana rabon dabino da zamzam, sai ya zaro karnen daga aljihun gaba ya miƙo mini. Ni ne ɗan bokon gidan. Ina koyarwa a Tasawa, kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, har shi da ya goya ni.

"Mushe, karanta muna abin da sunka zuba mani a jiki," in ji shi.

Na gyara zama, na gyara gilashi, na karanta da Faransanci tukuna don a ji, sannan na juya da Hausa. Ga ta sanƙarau, ga ta shawara, ga kuma ta mura mai zazzaɓi, wadda likitoci ke ce wa girip. Da na zo kan ta ukun sai na ɗaga kai na ce, da ƙarfi yadda na can baya ma zai ji, "Yaya, kai da mura kun yi ban kwana har abada." Aka yi dariya, aka yi ta barka. Ya karɓi karnensa ya shafa shi ya mayar aljihu. Har yau ina jin daɗin da na ji a ranar, kuma shi ne abin da ya fi ba ni kunya.

Ba don mugunta na faɗa ba, kuma ba na neman a wanke ni. Abin da na sani ke nan. Mu a wajenmu allurar rigakafi ta yara ce da mata masu ciki, a yi wa yaro a wuce wurin. Duk wanda ya kai shekaruna yana da tabon lamba a damtse, an yi masa sau ɗaya yana ƙarami ba a sake ba. Ta shawara ma da ke cikin karnen haka take, ba kowace shekara ake maimaita ta ba. Sai na ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Laifina shi ne ban ce ban sani ba. Malamin da ya saba yara arba'in suna kallon bakinsa, kalmar nan tana yi masa nauyi ƙwarai.

Allah ya ba ni damar gyarawa, na yi watsi da ita. Yaya yana da fuka tun yana saurayi, in sanyi ya shigo ƙirjinsa yakan yi kuka. Shekara guda bayan hajjin ya je likitar garinmu, ƙaramin asibitin nan namu, karɓar magani, sai majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ce masa mai ƙirji irin nasa ya kamata ya riƙa neman allurar mura kowace shekara kafin sanyi, ko da sai ya je Maraɗi. Yaya ya kira ni a waya yana dariya, ya ce majo na son ya sake huda shi bayan an gama da shi tun kafin Makka. Ni kuma na taya shi dariyar. Na ce ya bar yaron nan, ai da idona na karanta. Daga ranar maganar ta mutu, domin a wurin Yaya abin da Mushe ya karanta ya zauna.

Mura ba kowace shekara take zuwa da ƙarfi ɗaya ba, wannan kowace tsohuwa ta sani. Wata shekarar majina ce da atishawa, kwana uku an miƙe. Wata shekarar kuwa sai ta shigo gari ta bi gida-gida, ka ga sahun masallaci ya rage, ka ji tari ta ko'ina kamar an haɗa baki. Shekarar da Yaya ya rasu irin ta biyun ce. Ta kama shi ranar kasuwar Gidan Amumune, ya dawo da ciwon kai da rawar ɗari. Washegari kuma ranar allurar bisashe ce. Hajiya ta ce ya kwanta a samu mai kai masa tumakin, ya ce wane namiji ne mura ke kwantarwa, balle shi da ke da karne. Ya yafa bargo ya kora garkensa, ya wuni tsaye a filin har aka yi wa tunkiya ta ƙarshe.

Kwana huɗu bayan haka numfashi ya fara gagararsa. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, majo ya duba shi ya ce wannan sai asibitin Mayahi. A can na same su, na taso daga Tasawa a kan kabu-kabu, ƙafafuna duk sun sage. Likitan da ke kula da shi ya ce murar ce ta sauka cikin huhu. Ya tambaye ni ko an yi masa allurar bana. Ni da saurina na laluba aljihun rigar Yaya da ke rataye, na zaro karnen na miƙa masa, har da nuna masa layin da yatsa. Ya duba kwanan watan, ya dube ni, ya yi magana a hankali da Faransanci, ina jin don kada mara lafiya ya ji. Ya ce wannan ta daɗe da gama aikinta, ta mura shekara ɗaya take yi. Na mayar da karnen cikin aljihun rigar kamar yadda na same shi. Yaya ya cika kwana biyu bayan nan, da hantsi, ana shirin sake ɗaura masa ruwa.

Ba na jayayya da ajali. Ba kuma zan rantse cewa da an yi masa allurar da yana nan ba, don likitan da kansa bai ce haka ba. Abin da na je na tambaya daga baya, na kuma tabbatar, shi ne ƙwayar cutar tana sauya kama daga shekara zuwa shekara, shi ya sa ake sabunta allurar. Ba ta hana kowace majina, amma takan rage wa cutar kaifi, musamman ga tsofaffi da masu fuka da masu ciwon suga ko na zuciya. Kuma in manya da yawa a wuri suka yi ta, cutar ba ta samun yadda take so wajen kwantar da mutane. Ba ni da alƙaluma, kuma ba zan ƙirƙiro su ba. A ƙauyukanmu ba wanda ke rubuta cewa mura ta kashe tsoho. Sai a ce haƙarƙari, ko tsufa, a yi addu'a a watse. Abin da nake da shi ido ne, kuma idona ya ga shekarun da aka yi ta zaman makokin tsofaffi a jere cikin sanyi ɗaya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Zai yi mamakin ganin cewa a zamanin korona dattawa masu furfura sun naɗe hannun riga a bainar jama'a, abin da a da ake gani na jarirai ne. Zai ji haushin saƙonnin muryar da ke yawo a wayoyi, inda wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba yake rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalba. A nan kam dole in sunkuyar da kai, don ni ma na yi irin tawa rantsuwar a ƙarƙashin bedi, wayar ce kawai babu. Na tabbata kuma zai yi faɗa a kan abu ɗaya. Har yau allurar tumaki takan zo ta same su a bayan kasuwa, ta tsoho kuwa sai ya tambaya, wani lokaci ya tafi birni, wani lokaci ma ya je a ce babu. Yaya ba mai shiru ba ne. Da ya tsaya a gaban duk wanda ya kamata ya ce masa shi ma yana da haƙƙin da tunkiyarsa ke da shi.

Shekara takwas na yi ina riƙe da maganar nan ni kaɗai, ko haka na zata. Abin da ya tono ta Hajiya Indo ce. Bayan takaba ta zauna a ɗakinta, ta ci gaba da kiwon abin da ya rage na garken. Ni da ita akwai wasa irin na ƙanin miji da matar wa, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Sai ciwon suga ya kama ta. Sanyin shekaranjiya, ina nufin na kafin bara, mura ta kwantar da ita sati biyu har muka fara kiran dangi. Da ta tashi, majo ya ce mata abin da ya taɓa ce wa mijinta. Ta ce ta ji, ta koma gida, ba ta yi ba. Duk wanda ya yi mata maganar sai ta buɗe fanteka ta ciro karnenta na Makka ta ce Mushe ya karanta, an gama.

Bara, da aka gama ɗaurin hatsi, na ga sanyi na tafe kuma na san ƙirjinta ba zai ɗauki irin waccan ba sau biyu. Hanya ɗaya ce ta rage, in je in kwance abin da na ƙulla. Na kwana uku ina shirya kalmomi kamar mai shirin darasin da sufeto zai zo gani. Na same ta da la'asar a tsakar gida tana zuba wa awaki kowar wake. Muka gaisa, ta fara tsokanata cewa na zo cin tuwon banza. Na zauna a kan turmi na ce mata karatun da na yi ranar dabino kuskure ne. Na ce allurar mura ta shekara ɗaya ce, ni ne na hana Yaya jin maganar majo, kuma likitan Mayahi ya gaya mini tun Yaya na da rai, na ɓoye.

Ta ci gaba da zuba kowar har buhun ya ƙare. Sannan ta karkaɗe hannunta ta zauna a kan tabarma.

"Mushe, kai kaɗai ka san kana jin nasaranci," ta ce. "Ni ban ji abin da likita ya hwaɗi ba, amma ina bakin ƙohwa. Na ga huskarka sadda ka maida karnen aljihu. Tun ran nan na sani."

Na ce, "To Hajiya, don me kika ƙi zuwa? Kin kusa mutuwa fa."

"In na tahi, me za a ce a gari? Za a ce karatun Mushe ƙarya ne, a ce shi ya kashe wansa. Alhaji bai taɓa bari an taɓa ka ba yana da rai. Ni ce zan buɗe ma mutane baki bayan ransa?"

Ni mai shekara sittin da ɗoriya, na yi kuka a kan turmin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekara takwas ina tsammanin ina ɓoye mata abin da zai karya mata zuciya, ashe ita ce ke rufa mini asiri, har tana shirin ba da ranta a kai. Mu mutanen nan muna da kara, kuma ina alfahari da ita. Amma a ranar na ga kara tana neman kashe tsohuwa, kuma ni ne na ba ta wuƙar. Hajiya ta bar ni na gama, ta miƙo mini ruwa a moɗa, sannan halinta ya dawo.

"Share hancinka, kada awakina su raina ka," ta ce. "Tunda ka hwaɗa da bakinka, shi ke nan. Ranar Juma'a ka tsaya ƙohwar masallaci ka hwaɗa ma tsohwahin nan masu karne, ni kuma in bi ka Maraɗi."

Na tsaya, na kuwa faɗa. Bai yi daɗi ba. Wasu sun sunkuyar da kai, wani abokin Yaya ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, wani kuma ya juya ya tafi, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Amma a cikin satin nan alhazai uku suka zo mini da karnensu, kuma duk ukun abin da Yaya ya ɗauka shi suka ɗauka. A wannan karon ban karanta wa kowa ba. Na ce su je wurin majo, aikinsa ne. Ni da Hajiya kuwa sai da na yi waya wuri biyu kafin a ce akwai, muka shiga motar kasuwa muka je. Aka yi mata, aka yi mini, don ni ma na shiga layin tsofaffin tuni ina ta musu. Murar bara ta zo, ta taɓa ta, ta yi kwana uku tana tari a zaune tana ba ni umarni ta waya. Ko allurar ce, ko shekarar ce mai sauƙi, Allah ne masani. Ni dai na san abin da zan sake yi.

Ga masu karatu, musamman 'yan boko irina da ake miƙo wa takarda a karanta a gaban jama'a, roƙona ɗaya ne. Ku karanta abin da aka rubuta, ku tsaya nan. Abin da ba a rubuta ba ku ce ba ku sani ba, ba wanda zai cire muku hula saboda haka. In kuma akwai tsoho a gidanku mai fuka ko suga, ko mai karnen Makka a ƙasan akwati, ku je likita ku tambaya kafin sanyi ya kankama. In an ce babu, ku sake tambaya, ku tambayi inda take. Ina da yaƙinin abin da ake yawan tambaya shi ake kawowa.

Me ya rage na Yaya Lawali bayan shekara tara? Gonar an raba. Garken ya ragu, ko da yake har yau jikokin tumakinsa ne ke fara isa filin bayan kasuwa, don Hajiya ba ta yarda wani ya riga ta. Karnensa yana wurina, ita ta ba ni, na ajiye shi cikin akwatin da nake ajiye takardun aikina. Bai bar mana dukiya mai yawa ba, kuma bai yi karatun boko ko na kwana ɗaya ba. Amma abin da likitan Mayahi ya gaya mini da Faransanci a gefen gadonsa, Yaya ya riga shi faɗa shekara da shekaru, a kan awakin mutane, ni ina tsaye ina ji. Da na saurari wana kamar yadda ya saurare ni, da shi zan karanta wa karnen, shi kuma ya fassara mini.

Bana Hajiya ce ta riga ni tunawa. Ina zaune a Tasawa da hantsi, hatsi bai daɗe da shiga rumbu ba, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Mushe, yaushe za mu tahi?"

Na so in tsokane ta. Na ce, "Haba Hajiya, ba an yi miki bara ba?"

Ta ce, "Ta bara ta tahi da bara."

Na ajiye wayar. Washegari na je tasha na kama mana wuri biyu a gaban mota. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.